Ɗakin da Kawu Ya Shigo Ƙafa Sama

Jikan nan nawa malamin makaranta ne. A can Fadaman Mada yake koya wa 'yan firamare kimiyya, kuma ya mai da ni ɗalibarsa ƙarfi da yaji. Makarantar tasu ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, ba kwalba ba madubi, sai allo da alli da yara kamar fari. To sai ya samo dabara. Yakan tattaro 'yan finafinan bidiyon nan masu nuna yadda ruwa ke zama tururi, da yadda tsiro ke fasa ƙwaya ya fito, da yadda jini ke zaga jiki, ya cire Turancin ya ɗora muryarsa da Hausa, ya haska wa yara a bango ranar da aka yi sa'ar wuta. Amma kafin ya kai musu sai ya biyo ta nan ya gwada a kaina. Wai in tsohuwa ta gane, babu yaron da zai kasa. Kun ji rashin kunya! Miji ne da bai taɓa kawo cefane ba, kullum sai kwamfuta a jaka. Ni kuwa idanun nan sun daɗe da yi mini tawaye, likita ma ya ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a lallaɓa sauran. Saboda haka yawanci sauraro nake yi. In ya yi sauri in ce ja da baya, in ya kawo wata Hausar da ba a gidanmu aka haife ta ba in ce sake.

A watannin nan kuwa muna ta kai ruwa rana da ubansa, babban ɗana, mai sayar da hatsi a kasuwar Muda Lawal. Magana ɗaya ce, ɗakin Inna, mahaifiyata. Shi kaɗai ya rage na ƙasa a gidan nan da na gada, sauran duk an rushe an yi na bulo. Bayansa ne ke kallon hanya, hanyar kuwa yanzu ta sha kwalta, keke mai ƙafa uku na ta kai da kawo tun asuba, shi kuma so yake ya rushe ya fitar da shaguna. In za a faɗi gaskiya yana da hujja. Damina ta cinye gindin bangon, azara ta fara sunkuyawa. Ya ce, “Hajiya, wallahi tsoro nake ji ɗakin nan ya faɗo wa wani yaro.” Na ce a bar mini ɗakin uwata. Ya tambayi dalili, na ce sai ka haife ni tukuna ka tambaye ni dalili. Amma a raina na san bana ba zan ci wannan shari'ar ba, don ya riga ya ce kafin ruwan farko magina za su zo.

Ran nan sai ga mijin nawa da sabon fim, na haske. Na kasa kunne. Muryarsa na cewa a sami kwali a huda shi da allura, a kunna kyandir a gabansa, za a ga harshen wutar a ciki ya juye kai ƙasa. Dariya ta kuɓuce mini har da tari. Ya tsayar da abin ya ce, “Tsohuwa, me kuma na ɓata?”

Na ce, “Ba ka ɓata komai ba. Kwali kawai na ji kana ta yi wa kirari. Ni da na sa mutum sukutum, da rigarsa da hularsa, a cikin ɗakin can da ubanka zai rushe.”

Ya ce, “Kai, Hajjo! Yau kuma da wace kika zo?”

Na ce rufe kwamfutar nan ka gyara zama.

A zamanin da na ba shi labari, kunne ne agogon unguwar nan. Ladan da muryar da Allah ya ba shi yake kira, ba lasifika, amma har ƙarshen layi ana ji, don garin shiru yake. Daga nan sai luguden daka ya tashi gida-gida, wannan turmi ya kira wancan ya amsa. Sai ka ji cuwwar mai a tandar Inna, ka san masa ta hau wuta. In hantsi ya yi, kofatan jakai masu kai hatsi kasuwa, da Fulani masu nono suna jan kira, da makeri can nesa yana ta ƙwanƙwasa. Mota kuwa in ta wuce, sai an yini ana zancenta. Yanzu in na zauna a tsakar gida ba na iya raba ƙarar janareto da ta injin markaɗe, kowa na ihu a waya, kuma kiran salla goma ke tashi lokaci guda har ka rasa wanda za ka amsa. Ba cewa nake da ya fi yanzu daɗi ta ko'ina ba, mun sha kurkunu da ƙyanda, mun ɗebi ruwa har wuya ya sage. Amma wallahi ina kewar shirun nan da mutum ke jin takun wanda yake so tun daga bakin layi.

Inna tana cikin kulle, kamar duk matan unguwarmu. Tun da aka kawo ta gidan nan amarya ba ta ga hanyar ƙofar gida da rana ba. In fita ta kama, barka ko gaisuwar mutuwa, sai bayan magariba, a lulluɓe, ni a gaba da fitila. Ban taɓa jin ta yi kuka da hakan ba, haka ta tarar, haka ta ga uwarta ta yi. Ni ce ƙafarta, ni ce idonta. Da safe in kai tallan masa da koko kafin in wuce makaranta, in na dawo kuwa, kafin in sauke faranti sai ta ce, “To, me kika gano mini?” Dole in zauna in zayyana mata: wa ya yi sabon rawani, raƙumi nawa suka sauka a bakin kasuwa, wace ce ta yi ɓarin manja a gaban masallaci. In na yi mata ƙwauron labari sai ta ja kunnena ta ce, “Ido biyu Allah ya ba ki, ki dawo mini da labarin rabin ido?” Yanzu jikokina mata duniya ce a tafin hannunsu, su ga Makka su ga Sin suna kwance, amma ka tambaye su me suka gani a hanyar makaranta sai su ce ba komai.

Mutum ɗaya ne ke shigo wa Inna da waje da ƙafarsa, Kawu, ƙanenta, ciki ɗaya. Su biyu kaɗai suka rage wa juna. Iyayensu sun rasu yana rarrafe, ita ta goya shi, ita ta tauna ta ba shi. Tela ne, dogo siriri mai yawan dariya, tun daga zaure ake jin sallamarsa. Duk Juma'a bayan an sauko sai ya shigo da goro a aljihu da 'yar rigar da ya harhaɗa mini da guntayen atamfar mutane, hannun dama daban na hagu daban. Inna ta zuba masa fura, ta zauna tana kallon yana sha tana yi masa faɗan bai yi aure ba. A duk mako ranar kaɗai nake jin dariyarta har waje.

Sai siyasa ta shigo gari, ta shiga tsakanin mutane kamar gara. Baba, Allah ya jiƙansa, yana tare da manya, Kawu kuwa yana tare da matasan nan masu hawa tebur suna magana a kasuwa. Wata Juma'a musu ya haɗa su a zaure. Ina laɓe, ban gane rabin abin da suke faɗa ba, na dai ji Kawu ya faɗi wata magana a kan mutumin da Baba ke girmamawa. Can Baba ya ce, “Na rantse da wanda raina ke hannunsa, ƙafarka ba za ta sake taka gidan nan ba, yayarka ma tata ba za ta taka naka ba.” Baba mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga wa Inna hannu ba, bai taɓa barin mu da yunwa ba, amma in ya kafe ko jaki ya sallama masa. Liman ya zo, dattawan unguwa sun zo, an ce masa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, an ce ya yi kaffara a wuce wurin. Ya ce ya ji. Bai yi ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, Inna ba ta sa ƙanenta a ido ba, alhali shagonsa in ka yi kira mai ƙarfi daga soronmu zai ji. Ni ke kai gaisuwa in kawo gaisuwa. Kullum tambayarta ɗaya, “Yana cin abinci kuwa?”

A makaranta muna da wani malami ɗan gajere mai keken hawa, wanda ba ya iya koyar da abu sai ya kawo shi aji. In darasin kwaɗo ne sai ka ga kwaɗo a aljihunsa. A lokacin ba ma ce wa abin kimiyya, darasin Malam kawai muke cewa. Wata rana da hantsi ya sa manyan maza suka rufe tagogin katako duka, aka toshe kafofi da tsummoki, aka rufe ƙofa, ajin ya yi baƙi ƙirin, mata muka fara salati. Taga ɗaya ya bari da 'yar huda kamar ta ƙusa. Ya ce, “Ku yi haƙuri, ido sai ya sha duhu kafin ya gani.” Muka zuba ido. Can sai wata ta ƙwalla ƙara. A jikin farar takardar da ya riƙe, ga bishiyar mangwaron makaranta a rataye, saiwa sama ganye ƙasa, tana kaɗawa, ga mai gadi yana wucewa da ƙafafu a sama kamar ƙuda a rufin ɗaki. Malam ya bari muka gama ihu, sannan ya ce ba tsafi ba ne, ba aljanu ba ne. Haske ba ya shan kwana, miƙe yake tafiya. Wanda ya taso daga kan mutum in ya bi ta huda sai ya sauka ƙasa, wanda ya taso daga ƙafa sai ya hau sama. Shi ke nan. Abin da jikana ke ta haɗa fim a kai ke nan, mu da ƙusa ɗaya aka koya mana.

A makon nan ne Kawu ya ce in gaya wa Inna zai tafi gabas. Garin ya yi masa zafi, an fara kama abokansa, ya ce gara ya bi hanyar Makka da keken ɗinkinsa, yana tafe yana ɗinki har Allah ya kai shi. A lokacin wanda ya kama wannan hanya ana yafe juna da shi ne, don wasu sai sun yi furfura suke dawowa, wasu ko labarinsu. Na je na gaya mata. Ta juya ta ci gaba da juya masa, hawaye na zuba, ta ce itacen nan ɗanye ne, hayaƙi ya yi yawa. Ranar masa ta ƙone har aka dawo mini da ita. Da Baba ya shigo ta durƙusa ta roƙe shi, sau ɗaya tak, ya bar ta ta je su yi sallama ko da daga bakin ƙofa ne. Ya daɗe yana kallon ƙasa, ya ce, “Na riga na rantse.” Ya tashi ya fita.

Ni fa ba don Kawu na fara abin ba, kada in yi wa kaina kirarin da ban kai ba. So nake kawai in ga Inna ta yi dariya. Ɗakinta yana da wata 'yar taga can sama kusa da azara, faɗin tafin hannu biyu, kullum cushe da tsumma. Tsallaken hanya kuwa akwai wani falalen dutse mai tudu, irin duwatsun garin nan da ke tsirowa a tsakiyar unguwa, inda ake shanya barkono da kuɓewa. Na samo guntun garwar kananzir wajen makeri, na huda da ƙusa, na kife turmi na hau, na liƙe shi a tagar da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Na saki asabari na ƙara da bargo. Farar takarda ba mu da ita, sai na ɗauko ƙyallen da Inna ke tace kamu da shi na rataya a igiyar kaya. Na jawo ta ciki tana ta faɗa, wai na bar wanke-wanke ina wasan banza. Na ce, “Inna, ido sai ya sha duhu.” Ta ce, “Za ki sha mari dai.”

Sai ga akuya a jikin ƙyallen, a rataye, tana cin kuɓewar mutane da ƙafafu a sama.

“A'uzu billahi! Ke, me kika kawo mini ɗaki?” Ta damƙe ni za ta yi waje. Na ce, “Inna, akuyar gidan liman ce, dubi igiyar wuyanta, a kan dutse take.” Na maimaita mata duk abin da Malam ya ce, har da ba ya shan kwana. Ta ƙura wa ƙyallen ido, can ta ce, “In gaskiya ne, je ki kore ta in gani.” Na ruga waje na kori akuya, na hau dutsen na taka rawa son raina. Da na dawo na tarar da ita zaune daɓas a ƙasa, hannu a baki, tana dariya har da hawaye. Ta ce, “Na gan ki, ja'ira, kina rawa kamar jemage.” Sai dariyar ta tsaya. Ta daɗe tana kallon ƙyallen, dutsen ba kowa sai barkono. Ta ce a hankali, “In babban mutum ya hau, shi ma zai fito?”

Can ta ce, kamar da kanta take magana, “Ban fita ba, bai shigo ba. Allah na gani.”

Da na gaya wa Kawu sai ya fashe da dariya, ya ce 'yan boko za ku kashe mu. Da ya ga ba wasa nake ba sai ya tsayar da keken ɗinkin, ya ce, “Ni zan gan ta?” Na ce a'a, Kawu, kai bango kawai za ka gani. Ya jinjina kai ya ce, “To ba komai. Me zan sa?” Na ce fari, Malam ya ce fari ya fi mayar da haske.

Ranar tafiyar, Baba ya fita kasuwa da wuri kamar kullum. Da rana ta ɗaga ta haske dutsen, muka shiga muka saki asabari. Ina jin numfashin Inna a duhu. Ba a jima ba sai wani farin abu ya ɓullo daga gefen ƙyallen, ya tsaya a tsakiya. Kawu ne, cikin farin kaftani, kai ƙasa, tsawonsa bai fi ludayi ba. Fuskar ba ta fita sosai, amma wadda ta goya mutum ba ta bukatar fuska. Ya cire hula ya riƙe a ƙirji, ya ɗaga hannu ɗaya yana kallon bangon da bai san ko ana ganinsa ta ciki ba. Inna ta ce, “Ya rame.” Ta miƙa hannu za ta taɓa shi, sai inuwar hannunta ta shafe shi gaba ɗaya. Ta yi wata 'yar ƙara. Na ce, “Inna, kin tare hasken, ja da baya.” Ta janye, ya dawo. Sai ta mai da hannuwanta biyu baya ta riƙe ɗaya da ɗaya, kamar yarinyar da aka hana taɓa kayan mutane. Haka ta tsaya tana sa masa albarka ƙasa-ƙasa, tana kiransa da sunan da take kiransa yana goye.

Muna cikin haka sai ga wani rawani ya shigo ƙyallen. Na san rawanin, Inna ma ta san shi. Baba ne, ko mantuwa ya yi ya dawo, ko wani ya kai masa labari, Allah masani. Yana tattare babbar riga yana hawa dutsen. Inna ta damƙi kafaɗata har farcenta ya shige. Ga su nan su biyu a rataye, suna fuskantar juna, ba ma jin ko kalma ɗaya, don hudar haske take kawowa ba ta kawo murya. Na ce a raina yau mun shiga uku, zai mare shi a gaban unguwa. Suka daɗe a haka. Sai muka ga Baba ya miƙa hannu. Kawu ya kama. Baba ya ɗora ɗaya hannun a kai, suka tsaya riƙe da juna. Daga nan ya zare gwadon saƙin da ke kafaɗarsa, wanda ba ya rabuwa da shi, ya yafa wa Kawu. Kafin ya sauka sai ya juyo ya dubi bangonmu, daidai tagar, ɗan jim kaɗan. Ya sauka ya yi hanyar kasuwa. Kawu ya sake ɗaga hannu, ya mayar da hula, ya fice daga ƙyallen.

Da yamma Inna ta yanka zakaranta ta yi miyar da sai da salla take yi. Baba ya buɗe kwano ya ce, “Yau kuma wane biki ake?” Ta ce, “Ba komai, Malam, ra'ayi ne.” Bai gaya mata ya ga ƙanenta ba, ba ta tambaye shi ina gwadonsa ba, kuma har suka koma ga Allah maganar ba ta taɓa haɗa su ba. Amma da lokacin yaɓe ya zo, magini ya hau tsani zai ɓamɓare guntun garwar ya toshe tagar, ina tsaye Baba ya ce, “Bar shi nan, ba ya cin tuwon kowa.” Ni dai na san ya sani.

Kawu bai dawo ba. Sau ɗaya wasu alhazai suka ce sun ga wani tela ɗan Bauchi a wani gari a kan hanya, yana nan lafiya, daga nan shiru. Inna kuwa, lokaci-lokaci in hantsi ya yi aiki ya lafa, sai in ga ta shiga ɗaki ta saki asabari. In na leƙa sai in same ta zaune gaban ƙyallen tana kallon dutsen, ba kowa a kai sai shanyar barkono. Ba ta taɓa cewa jira take ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Da aka haifi jikan nan nawa ni na roƙi ubansa ya sa masa sunan Kawu, kuma ga shi ya taso dogo siriri mai yawan dariya, har haushi yake ba ni.

Da na kai aya, mijin nawa mai surutu kamar rediyo ya juya ya dubi ɗakin Inna. Can ya share murya ya ce, “Garwar tana nan?” Na ce je ka duba. Washegari da hantsi sai ga shi cikin farin kaftani, ban ce ya sa ba. Ya hau kujera ya share yanar gizo, ya ce tsatsa ta faɗaɗa hudar, ya liƙe ya sake hudawa. Ya karɓo ƙyallen tatar kamu wajen uwarsa, ya toshe ƙofa, ya kafa wayarsa a ƙarƙashin tagar tana ɗauka, wai yaransa su ga na gaske ba na kwali ba. Dutsen yana nan, masu kwalta sun fasa gefensa, wani yaro ya kafa rumfar cajin waya a jikinsa, amma tudun bai tafi ko'ina ba. Ya ce, “Hajjo, ki ba ido lokaci ya sha duhu.” Na ce, “Ni za ka koya wa? Fita ka ba ni wuri.”

Ya fita ya bar ni ni kaɗai. Ɗakin yana nan da warinsa na ƙasa da tsohon hayaƙi. Na jira, na jira, ba na ganin komai sai toka-toka. Idanun nan sai abu ya zo dab da hanci suke kama shi. Na matsa kusa da ƙyallen, sai kaina ya tare hasken, ɗan abin da nake hange ma ya ɓace. Na ja da baya, ya yi mini nisa. Na matsa, na shafe shi. Wallahi sai da na ji kamar in zauna in yi kuka, ga shi an kawo mini har ɗaki, ɗakin da ba zai ga damina ba, ni kuma ba ni da idon karɓa. Sai na tuna ƙyallen tatar kamu shara-shara ne, abin da ruwa ke ratsawa haske ma zai ratsa. Na lallaɓa bango na zagaya ta bayansa, na kawo fuskata har ina jin tsamin kamu a hancina. Sai ga shi. Wani farin abu dogo, a rataye, kai ƙasa. Ya ɗaga hannu.

Ban san na yi magana ba sai da jikan ya kunna mini daga baya.

Magina sun zo kafin ruwan farko, kamar yadda aka ce. Ranar na tafi unguwar Ɗan Iya wajen 'yata na yini, don kada in ji faɗuwar azara. Da na dawo na tarar da fili da tarin jar ƙasa, guntun garwar kuma a kan matashina, uban jikan ne da kansa ya ɓamɓaro ya ajiye mini, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Gidan nan dai mun iya wannan.

Fim ɗin kuwa jikan ya kai wa yaransa. Ya ce da farko duhu ne kawai, yara suka fara cewa Malam, fim ya lalace, sai ga dutse da rumfar caji da keke mai ƙafa uku yana gudu a sama, sai ga malaminsu a rataye kamar jemage, ajin ya kaure da ihu. Wai ko fim ɗin Turawa bai taɓa sa su tambaya irin ta ranar ba. Sai wata yarinya ta ce, “Malam, akwai mutum a bayan ƙyallen.” Suka kasa kunne. A nan ne ake jin muryar wata tsohuwa tana cewa, “Inna, zo ki gani, ya dawo.”

Ya zo ya same ni ya ce, “Hajjo, duk ajin da na nuna wa sai sun tambaye ni wace ce Inna. Darasin haske ne, ko in yanke wurin?”

Na ce kul, kada ka taɓa. Matar nan har ta koma ga Allah ba ta taɓa ganin ƙofar makaranta ba. Bar ta ta shiga aji.